Ragowar abincin gida ɗaya zai iya ɗaukar nauyin girki kuwa?

Abu Hafsat, Kano:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu ilimin wannan fanni a kan wani aiki da na fara da zumuɗi, yanzu kuma ya tsaya mini cak. Tun da cika tukunyar gas ya soma fin ƙarfin albashin malamin makaranta irina, na shiga neman dabarar rage kuɗin girki, har na ci karo da bayanin yadda ake samun iskar gas daga ragowar abinci da ɓawon kayan miya. Na sayi duro biyu na roba, babba mai cin lita 200 da wani ɗan ƙarami da ke iya shiga cikinsa, na yanke musu baki, na kifa ƙaramin a cikin babban. Mai gyaran famfo na unguwarmu ya sanya mini bututun zuba abinci, da na fitar ruwa, da tiyon da ke kai gas zuwa murhu. Na fara da ɗanyen kashin shanu bokiti uku da na roƙo wajen masu kiwo, na dama shi da ruwa, na bar shi a rana. Bayan kusan mako biyu duron sama ya fara ɗagawa, a mako na uku kuma na ƙyasta ashana wuta ta kama, shuɗiya, ba hayaƙi ko kaɗan. Da ita muka dafa shayin safe a ranar, yara suka kewaye murhun kamar ba su taɓa ganin wuta ba.

Matsalar ta faro ne daga wani suna da aka yi a maƙwabta. Shinkafa da miya suka kwana suka lalace, aka kawo mana babbar roba cike, ni kuma da ganin banza ta faɗi na juye ta gaba ɗaya a ciki. Kwana biyu duron ya yi ta tashi har sai da na ɗora masa bulo, amma iskar ta ƙi kama wuta, daga nan kuma komai ya tsaya. Yanzu ruwan da ke fitowa tsami yake yi kamar lalataccen kunu. Tambayata biyu ce: shin ana iya farfaɗo da shi, kuma ko da ya farfaɗo, abincin da ke raguwa a gida ɗaya zai iya maye gurbin tukunyar gas, ko dai wahalar banza nake yi?

Injiniya, Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam Abu Hafsat. Duronka bai mutu ba, ci ya yi wanda ya fi ƙarfinsa. Abin da ya same shi daidai yake da abin da ke samun ragon layya idan ya kwance da dare ya faɗa wa buhun masara: cikinsa ya kumbura, ya daina tuƙa, ya kwanta yana nishi. A cikin duron akwai rukuni biyu na ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ka shigar ta cikin kashin shanun. Rukuni na farko yana narkar da abinci ya mayar da shi ruwa mai tsami, kuma yana da saurin aiki da saurin yaɗuwa. Na biyu shi ne ke cinye wannan tsamin ya fitar da iskar metan, wadda ita ce ke kama wuta, sai dai yana da nawa, ba ya son iska, ba ya son sanyi, ba ya kuma jure tsami idan ya yi yawa. Dafaffiyar shinkafa nan da nan take narkewa, don haka na farkon suka samu biki suka cika duron da tsami, na biyun suka sume. Iskar da ta ɗaga maka duro kwana biyun nan galibinta kabon dayoksaid ce, irin wadda ke cikin lemon kwalba, ita kuwa kashe wuta take yi.

Ka daina zuba masa komai na tsawon kwana goma zuwa mako biyu. Ka kwashe kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ka mayar da sabon kashin shanu da aka dama, ko kuma abin cikin tumbin saniya daga mahauta, wanda ya fi komai saurin tayar da shi. Sannan ka jiƙa kanwa, ka riƙa zuba ruwanta kaɗan-kaɗan kana barin kwana ɗaya a tsakani, har tsamin ya ragu. Makiyaya ma kanwa suke ɗura wa dabbar da hatsi ya kama wa ciki, kuma dalilin ɗaya ne. Kada dai ka zabga ta a lokaci guda, domin gishirinta idan ya yi yawa shi ma illa ne. Idan ya dawo, duro mai wannan girma bai kamata ya ci fiye da rabin kilo zuwa kilo ɗaya a rana ba, a markaɗe, a dame da ruwa.

Maman Ummi, Katsina:
Ni tambaya ta biyu ce ta fi ɗaukar hankalina, kuma da izinin maza zan faɗi abin da na sani a matsayin wadda ke tsaye a bakin murhu kullum. Wane ragowar abinci ake magana a kai? A gidanmu tuwon da ya kwana ɗumame yake zama da safe. Abin da ya rage bayan ɗumame akwai almajiran da suka san lokacinsa, suna tsaye a ƙofa tun kafin a sauke tukunya. Ƙanzo ana jiƙa shi a shanya, wata rana a yi kwaɗonsa. Dussa da ƙasari na awaki ne, ɓawon doya da na dankali ma nasu ne, tsakin da ya zube a wajen tankaɗe kuma kaji sun tsince kafin a ɗauko tsintsiya. Idan aka cire waɗannan, abin da ke zuwa kwandon shara bai wuce ɓawon albasa, hancin tattasai, ruɓaɓɓen tumatir biyu ko uku, da ƙashi ba. Ina ganin wannan dabara an ƙirƙiro ta ne don gidajen da ba su da akuya, ba su da almajiri a ƙofa.

Ɗan Gwagwarmaya, Abuja:
Hajiya, ban ƙi maganarki ba, amma alƙaluma sun saɓa miki. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa kowane mutum ɗaya a Nijeriya yana zubar da kilo 189 na abinci a gida a shekara, wanda ya sanya mu cikin sahun gaba a duniya. Ko a duniya baki ɗaya, rahoton ya ce kashi 61 cikin ɗari na abincin da ake zubarwa daga gidaje yake fitowa, ba daga otal-otal ko kantuna ba. Wannan abinci idan ya je juji ya ruɓe a ƙarƙashin tarin shara, metan ɗin nan dai yake fitarwa, sai dai a maimakon ya dafa tuwo, sama yake tafiya ya ƙara ɗumamar yanayi, kuma ƙarfinsa wajen riƙe zafi ya ninka na kabon dayoksaid kusan sau 28 idan aka auna tsawon shekara ɗari.

Maman Ummi, Katsina:
Ɗana, yi lissafin da kanka. Kilo 189 a shekara ya haura rabin kilo a kowace rana ga mutum ɗaya. Mu goma sha ɗaya ne a gida, ke nan kullum muna zubar da kusan kilo shida na abinci, wato fiye da mudu biyu na shinkafa. Da haka ne da tuni maigidan ya kira taron gaggawa.

Injiniya, Zariya:
Ku duka biyu kuna da gaskiya ta wata fuska. Wancan adadi ya haɗa har da abin da ba a ci, kamar ɓawo da ƙashi, kuma an ɗauko shi ne daga binciken da aka yi a garin Sapele na jihar Delta, inda ɓawon doya da rogo da agade ke da nauyi a kwandon shara. Ba a auna gidan Katsina mai awaki biyar ba. Saboda haka sikeli ne kaɗai zai gaya wa kowane gida gaskiyarsa.

Ga lissafin da Malam Abu Hafsat ya nema. Kilo ɗaya na ragowar abinci yana ba da iskar gas kamar lita 100 zuwa 150, ya danganta da yawan sitaci da mai da ke cikinsa, alhali kilo ɗaya na ɗanyen kashin shanu bai cika wuce lita 40 ba, tunda saniya ta riga ta ci amfanin ciyawar. Iskar ba metan zalla ba ce. Metan yana kai kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, saura kusan duk kabon dayoksaid ne. Shi ya sa lita 1000 nata bai kai rabin kilo na gas ɗin da muke saya ba wajen zafi. Tukunya mai kilo 12.5 tana daidai da kusan lita 27,000 na wannan iska. Gidan da ke shanye tukunya ɗaya a wata yana bukatar lita 900 a kullum, wato ragowar abinci kilo shida zuwa tara a kowace rana ta Allah, da tanki mai cin lita dubu ɗaya da wani abu. Murhu mai kai ɗaya yana shan lita 200 zuwa 400 a awa. Duron Malam, idan yana cikin ƙoshin lafiya kuma ana ba shi kilo ɗaya, zai ba shi wutar minti ashirin zuwa rabin awa. Ta isa shayi da ɗumame, ba ta isa wake ba.

Abu Hafsat, Kano:
Wannan lissafi ya sanyaya mini gwiwa, amma gara da na ji shi yanzu kafin in ci bashi in sayi babban tanki. Injiniya, wani abokina ya ba ni shawarar in riƙa tara iskar kwana da kwanaki ina ɗurawa a tsohuwar tukunyar gas da injin ba taya iska. Yana yiwuwa?

Injiniya, Zariya:
Kada ka gwada. Gas ɗin da ake sayarwa yana zama ruwa idan aka ɗan matse shi, shi ya sa kilo 12.5 ke shiga ƙaramar tukunya. Metan ba ya zama ruwa a yanayin zafinmu komai matsin da aka yi masa; a matsin iska na yau da kullum sai an sanyaya shi zuwa digiri 162 ƙasa da sifili. Abin da za ka iya cusawa a tukunyar bai taka kara ya karya ba, ga haɗarin injin ya zuƙo iskar waje ya gauraya da shi, kuma metan idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari a cikin iska, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi da wurin. Saboda wannan dalili ne ma ake sakin iskar farko ta tafi, nesa da wuta, duk lokacin da aka buɗe duro aka sake rufewa. Idan ajiya kake so, tub ɗin tayar babbar mota ya fi, a ɗora masa katako da dutse don ya tura iskar. Duron kuma a tsakar gida za a ajiye shi, ba a ɗaki ko kicin ba, a riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo don gano inda yake yoyo. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji wata iska ce daban mai guba da ke cin ƙarfe, kuma ana rage ta da bi da gas ɗin ta cikin kwalbar da aka cika da soson ƙarfe mai tsatsa.

Malam Na-Bakin-Kasuwa, Sakkwato:
Allah ya saka wa Injiniya da alheri. Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, kuma na tabbata shi ne zai fara hana dattawan gida amincewa. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ko ƙwayar hatsi aka gani a ƙasa a ɗauke ta, to yaya za a ce a ɗauki tuwo a zuba a cikin kashin shanu? A fahimtata, abin yana da tsari. Abincin da mutum zai iya ci haƙƙin mutum ne, kuma wanda ya zuba lafiyayyen abinci a duro don ya samu wuta alhali maƙwabcinsa na kwana da yunwa ya shiga cikin almubazzarancin da ayoyi na 26 da 27 na Suratul Isra'i suka yi gargaɗi a kansa. Wanda ya wuce cin mutum amma dabba za ta ci, a ba dabba. Wanda ya lalace har ana tsoron ya cutar da dabbar, kamar shinkafar sunan da aka ambata, to amfana da shi ta wannan hanya ya fi a watsa shi a kwata ana takawa. Game da kashin shanu kuwa, a mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne matuƙar ba najasa take ci ba, kuma iyayenmu mata sun daɗe suna hura wuta da busasshensa a inda itace ya yi wuya.

Maman Ummi, Katsina:
Allah ya gafarta Malam, ai ka ƙarasa mini zancena. Idan aka bi wannan tsari naka, mutum, sannan dabba, sannan duro, to a gida irin nawa duron azumi zai riƙa yi.

Ɗalibi a Indiya:
Mama, ba zai yi azumi ba, domin awakin da suka cinye ɓawon za su mayar da wani abu, kuma kashinsu idan aka jiƙa shi ya yi laushi yana shiga duro. Amma bari in faɗi abin da na gani a nan. Tsarin duro biyun da Malam Abu Hafsat ya kwaikwaya ya shahara ne daga wata cibiya da ake kira ARTI a birnin Pune, ƙarƙashin Dokta Anand Karve, kuma ya samu lambar yabo ta Ashden, wadda ake bayarwa kan ayyukan makamashi mai tsafta, a 2006. Hujjarsa ita ce abu mai sitaci ko sukari, kamar lalataccen gari, ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da ragowar abinci, ya fi kashin shanu ba da iska nesa ba kusa ba, don haka ɗan birnin da ba shi da saniya ma zai iya. Sai dai tankunan da suke amfani da su na lita ɗari bakwai da hamsin zuwa dubu ne, ba duro ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda aka tara sharar gari wuri ɗaya. A birnin Indore an buɗe wata masana'anta a watan Fabrairun 2022 da aka gina don cin tan 550 na jiƙaƙƙiyar shara a rana, ana tace iskar a zuba wa motocin safa na birnin. A Haidarabad kuma akwai kasuwar kayan gwari ta Bowenpally, inda ake mayar da kusan tan goma na ruɓaɓɓen kayan miya wutar lantarki a kullum. Duk wanda ya taɓa shiga 'Yan Kaba ko 'Yan Lemo a Kano lokacin da tumatir ko mangwaro ya yi kaka ya san irin abin da ake zubarwa kafin la'asar. Amma sirrin Indore ba a injin yake ba. Kowane gida yana ware jiƙaƙƙiyar shara daga busasshiya tun daga kicin, motar shara tana da ɗakuna daban-daban, kuma ma'aikatan ba sa karɓar wadda aka cakuɗa.

Ɗan Gwagwarmaya, Abuja:
Haka Koriya ta Kudu ta yi. Ta hana binne ragowar abinci a juji tun 2005, daga 2013 kuma kowane gida yana biyan kuɗi gwargwadon abin da ya zubar, har akwai kwandunan da ke auna nauyi da kati. Yanzu kusan dukkan ragowar abincinsu ana mayar da shi taki, abincin dabbobi ko gas. Abin da ya rage mana doka ce kawai.

Baba Manomi, Kura:
Yaro, doka ba ta ware leda daga tuwo, hannu ne ke warewa. Ni na girma ina ganin jakuna suna shiga birnin Kano da itace da kara, suna fitowa da mangala cike da shara da toka da kashin awaki zuwa gonakin da ke kewaye. Wannan shara ita ta riƙe ƙasar nan shekara da shekaru ana noma ta ba hutu. Ke nan ba yau muka fara cin amfanin sharar gida ba, kuma ba a banza take zube ba kamar yadda wasu ke zato. Abin da ya ɓata ta leda ce. Yau idan ka sayi tifa ɗaya ta shara, sai ka sa yara sun yini suna tsince leda da fasassun kwalabe da batura, kuma duk da haka garma tana tono su bayan shekara uku. Abin da nake son sani, Injiniya, idan kuka cire iskarku, me ya rage wa gona? Kada a je garin neman wutar shayi a kashe taki.

Injiniya, Zariya:
Ranka ya daɗe, Baba, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi. Iskar da ke fita ba ta tafiya da abincin shuka. Sinadaran da kake saye a buhun takin zamani suna nan a cikin ruwan da ke fitowa ta ɗaya bututun, har ma wani ɓangarensu ya koma yanayin da saiwa ke saurin sha, kuma yawancin irin ciyawar da ke cikin kashin dabba ya mutu. Illarsa biyu ce. Ruwa ne tsululu, don haka ɗaukarsa zuwa gona mai nisa asara ce, ya fi dacewa da lambu ko bishiyoyin da ke cikin gida, ko a zuba shi a kan tarin kara da toka ya tsotse. Sannan idan aka bar shi a buɗe a rana, ƙarfinsa yana bin iska. A sirka shi da ruwa kafin a ba shuka, a zuba a gindi, kada a watsa a kan ganyen da ake ci ɗanye irin su latas. Abin da ba zai ba ka kamar tsohuwar shara ba shi ne yawan jikin da ke sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe ruwa, tunda wani kaso na wannan jikin shi ne ya zama iska.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa. Ina so in ƙara batun ruwa da sanyi, domin su ne na ga sun kayar da irin wannan aiki. A Burkina Faso gwamnati tana da shiri na ƙasa da ya gina dubban ramukan samar da irin wannan gas na bulo da siminti a ƙauyuka, amma da kashin shanu suke aiki, kuma kowane bokitin kashi sai an dama shi da bokitin ruwa. Inda mata ke tafiya mai nisa kafin su samo ruwan sha, ko inda shanu ke tafiya kiwo wata da watanni, ramin da yunwa yake kwana. Na biyu, ƙananan halittun nan masu samar da iskar sun fi son zafin da ya kai digiri 35, kusan zafin cikin saniya. Da bazara muna da shi kyauta, amma a watan Disamba da Janairu, lokacin da ake bukatar ruwan zafi safe da yamma, a lokacin ne iskar ke ja baya. Duron roba da ke tsaye a fili ya fi ramin ƙasa jin sanyin dare. Wani maƙwabcina ya shafa wa nasa baƙin fenti, yana naɗe shi da tsofaffin buhuna da magariba, yana kuma dama abincin da ruwan da ya sha rana, kuma ya ga bambanci.

Hajiya Mai Abinci, Kaduna:
Tun jiya nake bin wannan muhawara ban ce komai ba, sai da na ga lissafin kilo shida zuwa tara. Ina sayar da abinci a bakin tasha, kuma abin da muke kankarewa daga kwanuka, haɗe da ɓawon doya, ganyen kabeji da ruɓaɓɓen kayan miya, yana cika manyan bokitin fenti biyu a rana, wani lokaci uku. Akwai mai kiwon da ke zuwa ɗaukar ɓawon, amma na cikin kwano ba ya so saboda mai da yaji, kullum sai na biya yaro ya kai juji. Gawayi kuwa shi ne ke cinye ribar. Damuwata ita ce rumfar haya ce, kuma ragowar yakan haɗu da ruwan wanke-wanke. Shin mai da yaji da omo ba za su kashe shi ba?

Injiniya, Zariya:
Hajiya, ke ce ainihin wadda wannan fasaha ta dace da ita, ke da makarantun kwana da gidajen da ake girka wa mutum talatin. Yaji ba matsala ba ne. Mai yana ba da iska fiye da shinkafa ma, sai dai idan ya yi yawa yana taruwa a sama ya yi ɓawo, don haka kada a juye man suya a ciki. Omo da sinadarin wanke kwano su ne abokan gaba, musamman mai kashe ƙwayoyin cuta. Maganin shi ne a kankare kwano a bokiti na musamman kafin ya shiga ruwan wanki, a cire ƙashi, tsinken sakace, leda da ɓawon lemo. Da abin da kika lissafa, tanki mai cin lita dubu biyu zuwa uku zai iya riƙe miki murhu ɗaya na awa uku ko fiye a rana. Ba zai kore gawayi daga rumfar ba, amma zai ɗauke ruwan zafi da ɗumama miya. Sai dai kada a kafa shi a cikin cunkoson tasha kusa da masu suya. Idan gidanki ba nisa, gara a riƙa kai bokitan can. Kuma kafin ki kashe ko sisi, ki auna bokitan nan na mako biyu, ki rubuta.

Abu Hafsat, Kano:
Na dawo da rahoto bayan kwana goma sha shida. Na bi abin da Injiniya ya ce: na kwashe bokiti uku, na samo abin cikin tumbi daga mahauta, na zuba ruwan kanwa sau huɗu. Tsamin ya tafi, ruwan ya koma warin taki, kuma shekaranjiya wuta ta kama, ko da yake tana yi tana tsalle tana mutuwa. Na kuma ari sikelin mai shago na auna sharar kicin ta kwana tara bayan an cire na kaji. Ranar da ta fi yawa ta kai kilo ɗaya da ɗan kai, ranar da ta fi ƙaranci ko rabin kilo ba ta cika ba, saboda haka Maman Ummi ta ci gari a kan gidana. Na yi magana da mai kayan miya na bakin layinmu, ya yarda ya riƙa ajiye mini ruɓaɓɓen tumatir da tattasai a maimakon ya zubar, amma ba zan ƙara girman tanki ba sai na ga yadda wannan zai ƙetare hunturu. Injiniya, mene ne ke sa wutar tsalle?

Injiniya, Zariya:
Ruwa ne ya kwanta a cikin tiyo. Iskar tana fitowa da tururi, idan dare ya yi sanyi sai ya zama ruwa ya taru a inda tiyon ya lotsa. Ka ɗaga shi ka tsiyaye, sannan ka sanya mahaɗa mai baki uku a wuri mafi ƙasa, ka saƙala bakin na ukun a cikin kwalba mai ruwa yadda zai riƙa ɗiga da kansa. Idan bayan haka wutar tana tashi daga kan murhun tana mutuwa, ramin da gas ke fitowa ya yi ƙanƙanta, domin an yi shi ne don gas ɗin tukunya mai ƙarfin matsi. Ka kai wa mai walda ya ɗan buɗa shi, ka kuma rage kafar da iska ke shiga. Tumatir ɗin mai kayan miya kuwa yana da tsami, ka fara da gwangwani ɗaya a rana, ka haɗa da kashin kajinka kaɗan, ka ƙara bayan mako guda idan warin ruwan bai canja ba.